Motar da Ta Tuɓe Takalmi

Lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori, maigidana tifa yake tuƙawa a wurin aikin, muna zaune a Talata Mafara. Da Baturen da yake yi wa aiki ya tashi komawa ƙasarsu, sai ya bar masa wata 'yar mota ja mai kujera biyu, ba rufi, ga ta ƙasa-ƙasa kamar tabarma. Gudu kuwa ba a magana. Ni dai tun ranar da na gan ta na san mun shiga uku.

Baturen ya nuna masa wasu 'yan ƙarafa a bayan taya, ya ce su ne takalmin birki, kuma babu irinsu a duk ƙasar nan. In suka cinye, mota ta gama yawo. Maigidana ya tambaye shi tsawon lokacin da za su yi. Bature ya ce wannan ya danganta da ƙafarsa.

Maigidan nawa ya zauna ya yi nazari, ya gano cewa abin da ke cin birki a ƙasarmu gaisuwa ce. Kullum sai ya tafi Maradun ya dawo, kuma ba ya wuce majalisa ko bakin masallaci bai tsaya ba. Saboda haka ya daina tsayawa. Da safe in ya zo wucewa sai ya ɗaga murya ya ce, "Ina kwananku!" Kafin a amsa ya yi nisa. Da yamma ya karɓi amsarsa, ya jefa musu "Ina gajiya!" Limamin unguwarmu ya ce shi bai taɓa ganin gaisuwar da ake farawa Asabar a kai ga tambayar iyali ranar Laraba ba.

A ƙofar gida kuma ya sa aka zuba tulin yashi. Tun daga nesa yake kashe inji, mota ta gangaro ta soka hanci a ciki. Na sha cin yashin nan da sabon lalle a hannuna.

Duk wannan abin dariya ne, har ranar da ya yi wa mahaifina. Baba yana Bakura, tsoho ne mai zafin rai, kuma aikin ruwan nan ya riga ya ci masa gona, ba ya son ganin komai da ya fito daga can. Yana zaune a gindin bedi a ƙofar gidansa, sai ga suruki ya taho fuu, ya yi ihun "Barka da hutawa, Baba!" ya wuce. Mota ba ta ga damar tsayawa ba sai bayan gari. Kafin ya dawo a ƙasa, Baba ya naɗe tabarmarsa ya shige. Ya aiko mini cewa ni in zo duk sadda na so, amma mijina kada ya ƙara taka masa ƙofa. Na yi kuka sosai, don ina son su duka biyun, kuma duka biyun kansu kamar dutse.

Maigidana ya ce zai gyara. Tunda takalmi ne, ai aikin baduku ne. Ya kai wa wani baduku a Morai, aka yanka masa na fatar sa mai kauri, bakanike ya ɗaura yana dariya. Taka birkin farko gari ya cika da ƙaurin ganda, karnuka suka rako shi har gida. Dole aka mayar da tsofaffin, sun yi siriri kamar ɓawon albasa.

Ranar nan na tsare shi. Na ce, "Malam, ni ba mota ta haihe ni ba. In kai ka iya zama ba ka gaida Baba ba, ni ban iyawa."

Ya ce, "Takin birki guda ya rage mata, wallahi."

Na ce, "To ka san inda za ka taka shi."

Ranar Juma'a muka nufi Bakura. Baba yana gindin bedinsa. Ina jin maigidana yana salati ƙasa-ƙasa, sannan ya danne birkin nan da duk ƙarfinsa. Ƙarfe ya kama ƙarfe, ƙara ta tashi, awaki suka watse, wani abu ya faɗo daga ƙarƙashi ya gangara. Muka tsaya cak a bakin tabarmar Baba.

Ya fito, ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa. Ya gaida Baba da wuni, da gajiya, da gida, da sanyin ƙafa, da gonar da ta tafi, bai tsallake ko ɗaya ba. Baba ya amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Da suka gama sai ya nuna ƙarfen da ya faɗo da sandarsa.

"Wanga hwa mi ne ne?"

"Takalminta ne, Baba. Shi ke nan, ba ta ƙara tahiya."

Baba ya dubi ƙarfen, ya dubi takalman surukinsa a gefe. Ya ce, "Ashe ita ma ta san gaban manya. A kawo musu hura."

A motar haya muka koma Mafara, maigidana yana ta waiwaye. Jar motar kuwa a gindin bedin nan ta zauna. Baba ya ce kujerarta ta fi tabarma daɗin baya, kuma har ya bar duniya a cikinta yake zama da hantsi. Duk mai wucewa sai ya tsaya ya gaishe shi.