Ƙafafun Mutanen Bakin Teku

Mijina baduku ne, kuma tun da na san shi bai taɓa gane mutum ta fuska ba. Ƙafa yake kallo. In muna tafiya cikin tsohon gari wani ya gaishe shi, sai ya sunkuyar da kai ya duba ƙasa tukuna, sannan ya amsa da fara'a don ya gane babban yatsan. A ƙofar masallaci ma an ce shi ne na ƙarshen shiga, sai ya gama nazarin takalman da aka tuɓe.

Ban taɓa yin tafiya da shi na dawo da raina fes ba. Mun je biki garin Tabelot, kafin a ɗaura aure ya riga ya auna ƙafar ango da ta kawunnansa. Mun je gaisuwar mutuwa garin Tawa, ina zaune cikin mata ina share hawaye, wata ta raɗa mini cewa maigidana ya baje kaya a gindin bishiya, har an fara layi. Ko asibiti ya raka ni, da jakarsa ta fata yake zuwa, wai ba a san inda rabo yake ba.

Ni kuwa akwai abin da na daɗe ina ɓoyewa a raina. Shekarun da nasaru ke cika Agadas, nakan kai masa abincin rana a rumfarsa in tsaya ina kallonsu. Mutane sun ƙetaro duniya don su ga rairayi, rairayin da nake sharewa daga ɗakina kowace safiya ina tsaki. Ba su da dangi a nan, ba wanda ya mutu, ba wanda ya haihu, kallo kawai suka zo yi. Mutanen gari suna yi musu dariya, ni ma ina tayawa, amma gaskiya kishinsu nake ji. Ina so in je wani wuri sau ɗaya a rayuwata ba don komai ba sai don in gani. Kuma abin da nake son gani teku ne. Mu nan ruwa a bido, wato jarka, ake auna shi. Ranar da ƙoramar Telwa ta kawo ruwa da damina duk gari ke fita kallo, kafin ka koma da yara su ma su gani ƙasa ta shanye shi.

Da ɗiyarmu ta fari ta samu aiki a Yamai, sai ta kira ni a salula ta ce, "Inna, ki faɗi abu ɗaya da kike so, ni zan yi miki." Ta zaci zan ce firiji. Na ce teku, kuma tare da babanta nake son in gan shi. Ta yi dariya har sai da ta yi tari, sannan ta ce to, Kotonu za mu, ita za ta ji da tike da otal, mu dai mu shirya.

Da yamma ta turo hotunan wurin. Ina zaune a tsakar gida bayan la'asar na buɗe na farko. Ruwa ne har inda ido ya ƙare, ga itatuwan kwakwa sun karkata, ga mutane birjik a bakin ruwan. Na miƙa wa maigida. Ya daɗe yana kallo, har na fara jin daɗi, na ce yau dai wani abu ya taɓa zuciyar mutumin nan. Sai na ga ya sa yatsu biyu yana buɗa hoton, yana jan shi ƙasa.

"Subhanallahi," in ji shi a hankali. "Duk wanga taron, babu mai takalmi ko guda."

"Maigida, bakin teku ne. Tuɓewa suke yi."

"Tuɓewa suke yi don ba su samu na kirki ba. Mi ne ne wanga a ƙasa? Ba rairayi ba ne? To takalmin Agadas don mi aka yi shi da faɗi? Don rairayi. Mutanen ga suna cikin wahala, ba wanda ya kai musu labari."

Na karɓe salulata. Na gaya masa da babbar murya, yadda maƙwabta ma za su zama shaidu, cewa wannan tafiya bakans ce, yawon hutu, ba fatauci ba. In takalmi ɗaya na sayarwa ya bi mu, ni ba ni zuwa, ya tafi shi kaɗai ya ceci mutanen Kotonu. Ya ce, "Dakor, dakor, ai magana ta ƙare." Saurin yardar tasa ce ta hana ni kwanciyar hankali.

Shiri ya kankama. Kullum ɗiyarmu na kira tana faɗa mana abin da za mu gani: wani ƙauye da aka gina a kan ruwa, sai da kwalekwale ake zuwa gidan maƙwabci, da wurin da masunta ke jawo taru da safe, da kifin da ake gasawa nan take. Ni ina tambayar ko ruwan yana da ƙara, ko ana jin warinsa daga nesa. Shi kuma ya karɓi salular ya ce, "To su mutanen kwalekwalen, mi suke sawa a ƙafa?" Da muka je allurar da ake yi kafin ƙetare iyaka, bai ma san an soka masa ba, yana can yana tausaya wa ma'aikaciyar saboda takalmin robar da ke ƙafarta.

Mutanen unguwa kuma ba su taimake ni ba. Ba wanda ya yarda cewa kallo kawai za mu. Wasu suka ce mota za mu ɗauko a tashar jiragen ruwa, wasu suka ce ɗayanmu ba shi da lafiya muna ɓoyewa. Abokansa na kasuwa suna zuwa suna zuga shi, wai namiji ya yi wannan doguwar hanya hannu biyu, ai abin faɗe ne. Yakan ce musu shi ya riga ya yi wa uwar ɗiyansa alkawari. Amma a ranakun nan ya fi kowane lokaci daɗewa a rumfa, kuma yatsunsa kullum jajaye suke da rinin fata.

Na fara kama shi ne a cikin darduma. Na ɗauko ta zan sa a balis, akwatin tafiyarmu, sai na ji ta yi nauyi, na warware, takalma suka zubo. Ya ce au, ashe nan suka shiga, tun jiya yake nemansu. Bayan kwana biyu na zura hannu cikin buhun guzuri don in ga ko dabinon Bilma da cukun da na saya za su ishe mu, sai na ji igiyar takalmi ta naɗe mini yatsa. Wannan karon na hagu ne zalla. Ya ce ai ƙafa ɗaya ba kaya ba ce, ba mai sayen ƙafa ɗaya, na nuni ne kawai. Na je na buɗe kayana na sawa, na tarar da na daman duka kwance tsakanin zannuwana.

Na uku shi ne ya fi ba ni haushi, don a fili ya jera su cikin balis ɗinsa, ya ce nasa ne na sawa, kuma ba wanda zai hana mutum tafiya da takalmansa. Na ɗaga wani ƙato da zai ishi raƙumi na ce wannan fa?

"Ƙafa tana kumbura a mota. Hanyar da nisa."

Na ɗaga wani ɗan ƙarami mai jan fure, wanda bai wuce na ɗiya 'yar yaye ba. "Wannan kuma fa?"

Ya shafa gemu. "An ce ruwan gishiri yana sa ƙafa ta ƙanƙance."

Na juya baya don kada ya ga ina dariya. Amma da na kwashe su na zuba a kwando, sai na ji dariyar ta tafi. Na fara ganin yadda abin zai kasance: ni tsaye ni kaɗai gaban teku, shi yana can a durƙushe gaban wani baƙo yana auna masa ƙafa da kara. Abin da na jira shekara da shekaru zai koma irin bikin Tabelot, bambancin kawai akwai ruwa a gefe.

Ranar tafiya na bincike komai da kaina, har butar shayi na leƙa. Babu ko igiya. Ƙanensa ya kai mu tasha da sassafe. A hanya na lura maigida ya sa babbar rigarsa ta sallah, wadda ba ya sawa sai dole, kuma yana zaune a miƙe ƙam, ba ya jingina. Da muka sauka yana tafiya a hankali, hannuwansa a buɗe nesa da jiki, kuma duk takun da ya yi sai in ji wani ɗan ƙara, ƙiƙ, ƙiƙ. Na ce lafiya? Ya ce bayansa ne ya riƙe.

Kar ɗin, babbar motar da za mu hau, ta cika, ana loda kaya. Mai lodi ya ce a miƙo balis, maigida ya manta da kansa ya ɗaga hannu sama. Na ji wani abu ya tsinke. Takalmi ɗaya ya faɗo daga ƙarƙashin rigarsa, ja da kore, sabo fil. Ya sa ƙafa zai rufe shi, sai na biyu ya biyo, sai kuma suka yi ta zubowa ta ko'ina. Ashe ya jera su a igiya ya naɗe jikinsa tun daga ƙugu har hammata. Tasha ta kaure da dariya, har mai sayar da shayi ya bar tukunyarsa ya zo kallo. Wani fasinja ya ɗauki ƙafa ɗaya, ya juya ta, ya lanƙwasa, ya ce, "Kai, aikin ga ya yi kyau. Nawa?"

Na ga bakin maigida ya buɗe zai amsa.

Na ce wa mai lodi ya sauko mini da balis ɗina. Ban ɗaga murya ba. Na ja kayana na koma jikin katanga na tsaya cike da baƙin ciki. Ba kunyar mutane ce ta dame ni ba, na saba da ita. Abu ɗaya tak na roƙa a wurin mutumin nan cikin duk zamanmu, kuma ya kasa.

Ya biyo ni, sauran takalman suna jan ƙasa a bayansa. Ya tsaya gabana ya yi tsuru-tsuru.

"Ka tafi," na ce. "Ga tike. Ni gida zan koma. Na gaji da zama mai gadin kaya a duk inda muka je. So nake in tsaya in ga ruwa, kai kana gefena, kai ma kana gani. Shi ke nan. Mi ke da wuya cikin wanga?"

Direba ya fara matsa oda. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai da na matsa.

"Ba don sayarwar ba ne. Tun ina ƙarami ban taɓa tsayawa gaban baƙo hannuna babu komai ba. In ina riƙe da takalmi na san abin da zan ce, na san inda zan duba. In babu, ni wane ne a can? Ba wanda ya san ni, ban jin yarensu. Wani tsoho ne kawai ya zo ya tsaya yana lilo da hannuwa. Wallahi tsoro nake ji."

Ban taɓa tunanin haka ba, ko sau ɗaya. Na ɗauka kwaɗayin kasuwa ne kawai. Na kalli hannuwan nasa, ga su nan yana ta murza su a jikin riga, ya rasa inda zai ajiye su. Tausayinsa ya kama ni, haushin kuma bai gama tafiya ba.

"To hannun ne matsalar?"

"Hannun ne."

Na kira ƙanensa na ce ya kwance wa yayansa wannan ɗamara ya kwashe komai ya mayar rumfa. Sannan na cire jakar hannuna daga kafaɗa, wata mai ƙyalli da sarƙar ruwan zinariya, irin wadda mata ke zuwa bikin suna da ita. Na miƙa masa.

"Riƙe. Daga nan har bakin teku, kai ne mai ita."

Ya kalli jakar, ya kalli tasha. Rabin mutanen wurin shi ya ɗinka abin da suke takawa, kuma duk idonsu yana kanmu. Na san kafin azahar labarin zai kai kasuwa, abokansa ba za su bar shi ya sha ruwa ba har ƙarshen shekara. Shi ma ya sani. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya rungume ta a ƙirji, ya wuce gaba ta tsakiyar masu dariya, ni ina biye da shi, muka hau.

Mun yi nisa da gari, rana ta fara zafi, na ce ya ba ni jakar in ɗauki goro. Bai ba ni ba. Ya buɗe ta da kansa, ya lalubo goron ya miƙa mini, ya ja zif ya rufe, ya mayar da hannuwansa biyu a kanta.