Babur Ɗin Da Ya Durƙusar Da Motar-Gida

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ina jin zai bar mini ranar da muka je zaɓen babur a Summerfield, ni da Alhaji mijina da amininsa. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna na yi dariya, wani lokaci kuma dariyar ta ƙare da ƙwalla.

Alhaji direban tirela ne, ya yi shekaru yana zaga Amurka, babu jihar da bai taka ba. Ni kuwa tun da na zo Greensboro, daga wurin aiki sai masallaci sai gidan suna. Teku tana nan tafiyar 'yan awoyi daga ƙofar gidanmu, amma ban taɓa ganinta ba sai ta tagar jirgi. Kowace shekara sai ya ce, "Bana in sha Allahu, Hajiya." Haka aka yi ta bana-bana har ciwon baya ya sauke shi daga tirela. Likita ya gargaɗe shi a gabana cewa kada ya ƙara ɗaga abu mai nauyi, in bayan ya sake motsawa sai tiyata, tiyatar kuma ba a san ranar miƙewa ba.

Yana yin ritaya ya sayo tsohuwar mota irin mai gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda muke ce wa motar-gida, ya ce alkawari ya zo cika. Na shirya tukwanena da yajina a cikinta tun kafin a sa rana. Sai aka gano matsala ɗaya. In ka kafa irin wannan mota a sansanin matafiya, ka jona mata ruwa da wuta, ba za ka tumɓuke ta don zuwa sayen burodi ba. Shi ya sa masu ita ke ɗora ƙaramin babur a kan kariyar ƙarfe da ke bayanta, su riƙa zirga-zirga da shi.

Da jin an ce babur, sai Alhaji ya koma ɗan shekara ashirin da biyar. A gida, farkon aurenmu, babur ɗinsa ya sha ɗaukar ni da goyo da buhun masara da jarkar manja a tafiya ɗaya, kuma har yau yana ba da labarin kamar wanda ya ci yaƙi. A wajenmu ai haka ake gane babur na kirki, a duba mutum nawa zai ɗauka, buhu nawa zai ja. Ba wanda ya taɓa tambayar nauyin babur ɗin kansa, don a garinmu babur ke ɗaukar mutane, ba a ɗaukarsa.

Amininsa, wani dattijo mutumin zangon Kumasi da muke kira Malam, shi ya samo labarin wata tsohuwar Baturiya da ke sayar da babura biyu. Ranar Asabar da hantsi muka shiga motar-gida mu uku. A Gate City Boulevard sai na ga Alhaji ya tsaya a shagon kayan abincinmu, suka fito da manyan buhunan shinkafa biyu.

Na ce, "Alhaji, biki za mu?"

Ya ce, "Gwaji za mu yi. Ana sayen babur ba a gwada shi da kaya ba?"

Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiya ne paa, Hajiya. Mashin da bai ɗauki shinkafa ba, abin wasan yara ne."

Gidan matar yana cikin wata makekiyar gona, ga dawakai a bayan shinge, ga kaji suna kiwo. Ta buɗe gareji ta nuna mana. Ɗaya baƙi ne ƙato, na marigayi mijinta, yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu. Ɗayan nata ne, 'yar roba-roba ruwan ɗorawa mai kwando a gaba. Ina ganinta daɗi ya kama ni, domin irinta na hau shekara da shekaru lokacin ina koyarwa a firamare a gida. Na shafa kujerarta na ce, "Alhaji, ga daidai mu."

Ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Wannan ta zuwa cefane? Mutanen masallaci su ji an ce ni na saya?"

Aka ɗaure buhu ɗaya a baya, aka ɗora ɗaya a kan tanki, Alhaji ya hau, Malam ya tattare rigarsa ya haye bayansa. Har suna miƙo mini hannu wai in cika na uku, na ce Allah ya kiyashe ni. Suka zaga filin sau biyu, babur na ruri, dawakai na gudu, tsohuwa ta dafe ƙirji. Da suka tsaya Malam ya ce, "Ei, Alhaji! Ko jin mu bai yi ba koraa!" Alhaji ya ce an gama magana.

Tsohuwar ta leƙa kariyar motarmu, ta dubi babur, ta tambaye mu da Turanci wa zai riƙa ɗora shi yana saukewa. Ni ma na ce, "Alhaji, ka tuna maganar likita." Ya ce ai ba ɗagawa za a yi ba, turawa ce, kuma shi da ya yi shekaru yana loda tirela ba za a koya masa lodi ba. Hali zanen dutse.

Suka sauke buhunan a ƙasa, suka jingina dogon ƙarfen da ake tura babur a kai. Alhaji ya riƙe kan babur, Malam ya sa kafaɗa a baya, suka yi bisimilla. Tayar gaba tana hawa kariya sai na ji ƙarfe ya yi wani kuka, bayan motar ya yi ƙasa a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, gabanta ya ɗaga. Daga ciki na jiyo ƙofar kabad ta buɗe, tukwanena suka bi juna ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Malam yana ihu, "Tura! Tura!" alhali shi ne mai turawar. Sai Alhaji ya ce "Wash!" da wata murya da ban taɓa jin ta a bakinsa ba, ya saki.

Babur ya dawo da baya, Malam ya yi tsalle gefe ya bar takalmi ɗaya, ƙaton ya taka buhun shinkafa ya fasa shi, sannan ya kwanta a kan ɗayan. Kafin ka ce kwabo kajin gidan sun taru kamar an aika musu goron gayyata. Shi kuwa Alhaji yana nan a sunkuye, hannu biyu a gwiwa, kamar mai ruku'un da liman ya manta da shi.

Yanzu nake dariya. A lokacin kuka na fashe da shi, kuma ba zan ɓoye ba, kukan biyu ne. Ina tsoron kada mijina ya ƙare a gadon asibiti, ina kuma jin haushi har wuya, don na ga teku ta sake yi mini nisa saboda girman kan namiji. Muka lallaɓa shi, ni da Malam, muka kwantar a gadon motar a tsakiyar murafan tukwane. Na fito na share hawaye, na kama roba-robar nan, ni da tsohuwa mu biyu muka tura ta kan kariya kamar muna tura keken jariri. Motar ko motsi ba ta yi ba. Daga ciki Alhaji ya ɗaga murya, "Hajiya, me nake ji?" Na ce, "Ciniki nake yi, ka kwanta." Ya rantse ƙafarsa ba za ta taɓa hawa abin nan ba. Malam ne ya tuƙo mu gida, yana ta ba wa kaji laifi.

Allah ya taƙaita, likita ya ce jijiya ce ta ɗame, ƙashi bai taɓu ba. Bayan 'yan makonni ya yarda Alhaji ya tuƙa mota da matashi a baya, amma ya hana shi tuƙa babur ko doguwar tafiya a ƙafa. Haka muka kama hanya. Da muka isa sansanin muka jona ruwa da wuta, sai ga shi bakin ruwan yana da 'yar tazara. Ina jin ƙamshin gishiri, ina jiyo rurin ruwa, amma bishiyoyi sun tare. Alhaji ya ce in hau abata in je in gani, shi zai jira.

Na ce, "Ba haka muka yi da kai ba. Ce mini ka yi za ka kai ni."

Ya daɗe yana kallon roba-robar. Can ya cire hularsa ya sa a aljihu, ya kifa hular kwano, ya waiga hagu da dama ko akwai Bahaushe a kusa, sannan ya haye bayana a hankali. Ya ce, "In Malam ya ji wannan, ban yafe ba." Duk hanya yana ba ni umarni, ki rage wuta, ki kama birki, ga rami nan, alhali tafiyar ko mai keke zai wuce mu. Wasu tsofaffin Turawa suka ɗaga mana hannu, na ɗaga musu, ya ce in riƙe da hannu biyu.

Muna shan kwana sai ga teku, shuɗiya, ba ta da ƙarshe. Na taka ƙasa na tsaya, bakina ya kasa cewa komai sai subhanallah. Na ji hannunsa da ke riƙe da ƙuguna ya ƙara ƙarfi, ya ce a hankali, "Shekara nawa ina goya ki, ban taɓa sanin haka na baya yake ganin hanya ba." Sannan ya ƙara da cewa, "To, na kawo ki." Na ce, "Ka kawo ni, Alhaji." Ban yi masa gardamar wanda ya kawo wani ba.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, mun tashi muna auna komai da yawan abin da zai iya ɗauka, babur ne ko miji ko mata, har muka manta akwai ranar da mai ɗauka zai buƙaci a ɗauke shi. Wanda ya sauƙaƙa kansa, ɗaukarsa ba ta wuya. Malam dai har yau bai ji daga bakina ba, sai dai duk ranar Juma'a in sun haɗu yakan tambayi Alhaji, "Yaya direbanka?"