Uwar Amarya a Ɗakin Zannuwa

Shekara ashirin da tara Ishbel Geddes ta yi tana gyaran ɗakuna a fadar Dunarrick. Ni ina kicin, na riga ta zuwa da shekara biyu. Ubanta makiyayin tumaki ne a tudun bayan fadar, tun masu gidan suna ciki, kafin su sayar a mai da wurin otal. Mijinta ya rasu a teku wajen kamun kifi, ya bar ta da 'ya ɗaya, Rhona.

Ishbel mace ce mai fargaba tun asali. Ɗakin da ta gama gyarawa sai ta koma ta sake leƙawa. Duk Asabar ɗin bazara akwai biki a fadar, kuma a kowane biki ita ce ke shiga damuwar da ta fi ta uwar amarya, ko ruwan sama, ko gugar zannuwa, ko matattakalar hasumiya da ke kama rigar amare.

Rhona ta girma, ta zama nas a Aberdeen. Wata Lahadi ta zo da saurayinta Struan Lumsden, suka ce a fadar za su yi aure. Washegari Ishbel ta faɗo kicin ko gaisuwa babu.

"Effie, kin san ko jikan wa ne?"

"Jikan wa?"

"Madam Lumsden. Ta ɗaki na shida."

Na ajiye ludayi. Duk watan Agusta tsohuwar ke zuwa daga Edinburgh ta yi mako biyu, shekara ashirin ba fashi. Ishbel ke gyara mata gado, ita ke kai mata shayi, kuma ko sau ɗaya matar ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" take ce mata.

"To sai me?" na ce. "Sata kike yi a ɗakin?"

"Ba ki gane ba. A gaban dangin miji za a ce ga uwar amarya, ita ke wanke musu baho."

"Struan ai ya sani."

"Shi ya sani. Kakar fa?"

Wata bakwai ta yi da wannan ciwo. Ta rame har siket ɗin aikinta ya soma juyawa a ƙugunta. Sau uku tana sayen hular biki tana mayarwa. Ta roƙi Rhona a kai bikin cocin ƙauye, yarinyar ta ce, "Mama, tun ina 'yar shekara shida nake leƙen amaren mutane ta tagar ɗakin zannuwa. Wannan karon ni za a leƙa." Ta roƙi Struan ya faɗa wa kakarsa, ya ce ya faɗa, amma tsohuwar kunnenta ya yi nauyi, abin da ta ga dama kawai take ji.

Manaja ya ba Ishbel hutun mako guda, ya kuma ce a ɗakin hasumiya za ta kwana kamar kowace baƙuwa. Da safen bikin na kai mata shayi da kaina, na tarar ta gyara gadon tsaf, tana durƙushe tana goge bahon da ba ta ma yi wanka a ciki ba.

"Tashi, don Allah," na ce. "Kina so a kori masu aikin ne?"

"Hannuna ne ya ƙi zama, Effie. Gara in ba shi abin yi."

Ƙarfe ɗaya baƙi suka soma isowa. Yayyafi ake yi, mai busa algaita yana tsaye a bakin gada, mazan duk cikin kilt, siket ɗin gargajiya da mazan ƙasar ke ɗaurawa. Na leƙo ta ƙofar da ke tsakanin kicin da babban zaure. Ishbel na tsaye kusa da murhun ɗumama zauren cikin riga shuɗiya da hula, tana gaisawa da mutane, murmushinta kamar na mai ciwon haƙori.

Sai ga Madam Lumsden da sandarta. Ta tsaya ta ƙare wa Ishbel kallo, fuskarta ta saki alamar ta gane ta.

"Yawwa, ke! Gara da na gan ki. Tawul ɗin da aka sa mini ƙanana ne. Kawo mini manya guda biyu, irin waɗanda kika saba."

Da ƙarfi ta faɗa, yadda masu nauyin kunne ke yi. Uwar ango ta dafe baki. Ina jira Ishbel ta ce wani abu, sai na ji ta ce, "To, ranki ya daɗe." Ta juya ta bi ƙaramar ƙofar ma'aikata, da hularta da komai.

Saura minti ashirin a ɗaura aure. Na bar miyar kifi a hannun abokan aikina, na hau matattakalar baya. A ɗakin zannuwa na same ta, zaune kan kwandon wanki, tawul biyu a cinyarta.

"Ishbel, kin haukace ne?"

"Bakina ne ya riga ni. Na kunyata yarinyar nan. Ki ce musu ba ni da lafiya, a yi ba ni."

"Ba zan faɗa ba. Ke kika yi naƙudarta, ke kika yi ta goge benen nan har ta gama makaranta. Tsohuwa ta yi suɓul da baka, sai ke ki ɓuya?"

"Da wane ido zan kalle su?"

Ban kai ga amsawa ba muka ji ƙwas, ƙwas, a kan matattakala, da muryar Struan yana cewa, "A hankali, Kaka, wurin da santsi." Ishbel ta miƙe zumbur, ta rungume tawul ɗin.

Tsohuwar ta iso tana haki. Ta kori jikanta da sanda. "Sauka, amaryarka na jira." Sannan ta dubi kantocin zannuwa, ta dubi Ishbel.

"Yanzu yaron nan ya yi mini ihu a kunne," ta ce. "An ce mini uwar amarya tana aiki a nan, na ɗauka a ofis ne. Yaya sunanki?"

"Ishbel, ranki ya daɗe."

"Ishbel. Shekara ashirin ban tambaya ba, wannan kuwa rashin tarbiyya ne, kuma nawa ne. Ajiye tawul ɗin nan." Ta mai da numfashi. "Hawowa na iya, sauka ce ba zan iya ba. Gwiwar ta ƙi. Ba ni hannunki."

Haka suka sauko, taki ɗaya bayan ɗaya, ni ina biye. Matattakalar ba ta ɗaukar mutum biyu sai an matsu, hular Ishbel ta goge bango ta karkace. A hanya tsohuwar ke tambaya, "Ita Rhona ta iya girki?"

"Ba sosai ba."

"Shi ma ba abin da ya iya. Yunwa za ta kashe su."

Da suka shiga ɗakin ɗaurin aure kowa ya riga ya zauna. Madam Lumsden ba ta saki hannun ba sai da ta kai Ishbel kujerar gaba. Rhona, da aka ɓoye mata abin da ya faru, ta shigo bayan mai algaita, ta dubi uwarta, ta yi mata alama ta gyara hula.

Ba zan ce hankalin Ishbel ya kwanta ba. Wajen cin abinci na ga naman barewar da na dafa ya dawo daga gabanta kusan yadda ya tafi. Da aka fara rawa wani kawun ango ya jawo ta fili, ta yi zagaye biyu tana ƙirga taki da baki, ta gudu ta zauna. Amma ta zauna har aka tashi, ba ta kwashe kofi ko ɗaya ba.

Ranar Litinin ƙarfe bakwai tana bakin aiki.

Yanzu kuma wata sabuwa ta taso. Dangin Struan sun gayyace ta bikin sabuwar shekara a Edinburgh, kwana uku a gidansu. Jiya ta same ni ina feraye dankali.

"Effie, me ake kai wa mutanen da ba abin da suka rasa?"

"Kai musu kek ɗin da kike yi."

"Idan ya farfashe a jirgin ƙasa fa?"

"Sai su ci da cokali."

Sai ta tambaye ni ko zan ara mata babban gwangwanina mai murfi.