Sawun Yatsu a Jikin Ƙwarya

Mun tashi daga Ƙanƙara ana idar da sallar asuba, ni da yayana, jakata cike da takardun zane. Masu bibiyata sun san ina shekarar ƙarshe a jami'a, a sashen zane da fasahar ƙirƙira. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, sau biyu malamin da ke duba aikina na kammala karatu yana dawo mini da shi. Furanni nake zanawa, da tsuntsaye biyu a reshe ɗaya, irin na bangon littattafan soyayyar da na tashi ina ɓoyewa a ƙarƙashin filo. Ya ce, "Suna da kyau, amma wa zai yi amfani da su?" Saura mako guda a rufe karɓa. Baba kuwa, da ma aikin jinya ya so in karanta. Ya ce in aka sake dawo da ni, in tattaro kayana in zauna a gida, shi bai ga abin da mutum zai ci da fenti ba.

Innarmu ce ta tuna mini da wata tsohuwa a Ruwan Godiya, wadda ta yi wa ƙorenta na aure ado da wuƙa mai zafi. Niyyata in je in ɗauki hotunan zanenta, in kwafa.

Hanyar Sheme ta sha ruwan damina, rami na miƙa mu ga rami. Dawa ta yi kai dama da hagu, kore shar, har na fara saƙa labarin wani saurayi mai jiran masoyiyarsa a bakin gona. Ina cikin wannan mafarki na ji ana jan jakata. Akuyar wani fasinja ce a ƙarƙashin kujera, ta cinye rabin furen da na kwana uku ina zanawa. Yayana ya ce, "To, ga mai amfani da aikinki an samu."

A Sheme muka karya da waina da shayi. Kuɗin mota ya kusa ninka yadda na sani, amma wainar ba ta rage girma ba, Allah ya saka wa mai ita. Daga nan muka hau babura zuwa Ruwan Godiya. Muka tarar da gidan tsohuwar a kulle, ciyawa ta cinye tsakar gida. Wani dattijo mai gyaran fartanya ya ce, "Iya ai ta tashi tun bara, da zama ya yi wuya. Tana Sabuwa wurin ɗanta." Yayana ya dubi rana, ya dube ni, don kowa ya san waɗannan hanyoyi ba a kai yamma a kansu. Na roƙe shi mu ƙarasa Sabuwa. Ya yi tsaki, ya ce, "Hau mu tafi."

Ta Funtuwa muka zaga, muka bi ta Dandume, muna sauka muna hawa, ana tsayar da mu a shingayen bincike. Ana kiran la'asar muka shiga Sabuwa.

Iya ƙaramar mace ce, bayanta ya ranƙwafa, tana zaune gaban kaskon garwashi da wuƙaƙe uku a ciki. Na durƙusa na gaishe ta, na ambaci Innarmu, na fito da waya na fara ɗaukar ƙoren da ke jere.

Ta ce, "Mi za ki yi da hannun wasu, ɗiyata?"

Ban gane ba. Sai ta ɗauko sabuwar ƙwarya fara sol, ta cika ta da ruwa, ta tsoma hannuna a bokiti, ta ce in ɗauka in sha. Da na ajiye, ga sawun yatsuna biyar a jiƙe a jikinta. Kafin su bushe ta bi su da gawayi.

"Nan ake farawa," in ji ta. "Inda yatsa ya zauna, nan wuƙa ka yi kaushi, don kada hura ta suɓuce. Sauran wurin, ki yi ta furanninki in kin ga dama."

Ashe ita ba ta taɓa yi wa ƙwarya ado ba sai ta ga riƙon mai ita. Na tambaye ta wata baƙar ƙwarya da ke rataye ita kaɗai, mai gurbi huɗu kacal. Ta ce ta maigidanta ce, mai rasuwa. Bahago ne, kuma lauje ya cire masa yatsa guda tun yana saurayi. Ta sauko da ita, ta ɗora yatsunta a gurabun nasa. Jama'a, na karanta littattafan soyayya sun fi a ƙirga, ban taɓa cin karo da shafi irin wannan ba.

A gidan muka kwana, bayan tuwon dawa miyar kuka da ta sha daddawa. Da safe ta ba ni wuƙa. Na ƙona babban yatsana sau biyu, layina ya karkace kamar tafiyar maciji. Tana dariya tana cewa, "'Yar jami'a, ko a can ba a koya muku wuta na da zafi?" Ta sallame ni da ƙore uku farare da wuƙa ɗaya, ta ƙi karɓar ko sisi.

A mota na tura wa malamina hoton ƙwaryata, da bayanin cewa kofuna da kwanuka zan tsara daga riƙon masu su: tsoho, mai jego, mai ciwon hannu. Muna shiga Ƙanƙara amsa ta zo: "Wannan shi ne aiki. Ki same ni ranar Litinin."

Na tarar da Baba a zaure. Na cika ƙwarya da ruwa, na roƙe shi ya jiƙa hannu ya sha. Ya ce, "Wannan ne digirin?" Amma ya sha. Na bi sawun da gawayi, sai a lokacin na lura hannunsa na rawa, babban yatsansa yana zamewa ƙasa. Shekara nawa nake miƙa masa fura, ban taɓa gani ba. A daren na ɗora wuƙa a wuta, na yi wa gurabun yatsunsa kaushi.

Na tafi neman zanen da zan kwafa, na dawo na iya kallon hannun mutum. Na gode wa Iya, na gode wa yayana, har akuyar ma na yafe mata. Yau kwana uku Baba bai sha fura a wani mazubi ba. Jiya na ji yana ce wa maƙwabcinmu, "Kar ka taɓa, ba za ta zauna maka ba. Hannuna aka auna."