Ungulaye Biyu a Tarauni

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa, maƙwabciyata ta ba ni wani aiki da har yau ban iya yi wa kowa bayaninsa yadda zai gamsu ba. 'Yar Filato ce, ma'aikaciyar gandun daji, ta daɗe tana haya a gidan da ke jikin namu a Gyaɗi-Gyaɗi. Madam muke ce mata. Wata Asabar ta same ni a ƙofar gida ina jin rediyo. Bayan mun gaisa ta ce, "Malam, yaushe rabonka da ganin ungulu?"

Na yi dariya. "Ungulu kuma, Madam? Ai ga su nan ko'ina."

"A ina?"

Na ɗaga kai sama, ban ga komai ba sai wayoyin lantarki. Muna yara jifansu muke a bola, ba sa ko tashi, sai dai su ɗan matsa. Amma na yi ta lalube a raina, na kasa tuna ranar da na ga na ƙarshe.

Ta ce ofishinsu na neman masu ƙirga su a unguwanni, don a san inda suka rage a tsara yadda za a kare wurin. Ta miƙo min takardu masu layi-layi. Kullum da safe in je wajen mahauta a kasuwar Tarauni, in zauna rabin awa, in rubuta abin da na gani.

Ranar farko na rubuta goma sha bakwai, na kai mata ina jin daɗi. Ta duba takardar, ta dube ni. "Yaya wutsiyarsu take?" Na ce mai baki biyu. Ta ce, "Malam, shirwa ka ƙirga." Ni da na shekara talatin ina yi wa yara jan biro!

Daga nan sai sifili. Litinin sifili, Talata sifili, har wata ya ƙare. Mahauta da fari sun ɗauka duba-gari ne ni, da na zauna sai a hau share ƙasa. Da sarkin fawa, wani dattijo mai yawan barkwanci, ya ji gaskiyar magana, sai ya sa aka ajiye min benci. "Wato Malam, abin da babu kake zuwa ƙirgawa?" Na ce haka aka ce in yi. Na koma wa Madam da tambayar, ta ce rashin ganin ma sakamako ne, kada in tsallake ko rana ɗaya.

A wata na uku, ina zaune, sai na ga wasu abubuwa biyu sun dunƙule a can saman dogon ƙarfen kamfanin waya da ke bayan rumfuna. Na goge tabarau na sake dubawa. Ga sanƙon, ga rankwafaffen wuyan. Ban san lokacin da na miƙe ba. "Jama'a, ga su can! Ungulaye! Guda biyu!" Masu sayen nama suka juyo, masu adaidaita sahu suka leƙo, kowa na nuni.

Sarkin fawa ya riƙo hannuna ya zaunar da ni. "Haba Malam, da ka yi shiru. Ba ka san neman su ake ba? Akwai masu sayen kawunansu su haɗa magani." Wata uku ina zaune kusa da shi bai taɓa faɗa min ba, ita ma Madam ba ta faɗa ba.

Da na zo cike takarda sai na cije. Akwai gurbin da aka ce a rubuta irin bishiyar da tsuntsun ya sauka. Na rubuta "ƙarfe". Madam ta yi murna sosai da labarin, amma da ta zo kan wannan gurbi sai ta ajiye takardar. Ta ce shirin da ake yi na hana sare manyan bishiyoyin da suke sheƙa ne, kamar rimi da giginya. Na ce to a nan fa, me za a hana? Ta ce za ta tambaya a ofis.

Kwana huɗu ina ganinsu, ran na biyar babu. Wani mahauci ya ce ya ga sun yi wajen unguwar Darmanawa. Wani ya ce ƙarya ne, da asuba an ji ƙarar harbi. Na uku ya ce tayar mota ce ta fashe. Na tambayi Madam wanne zan rubuta, ta ce in rubuta abin da idona ya gani. Idona kuwa bai ga komai ba. Na ce, "Madam, ko ihuna ne ya jawo?" Ta ce ungulu kan yi tafiya mai nisa a yini ɗaya, kada in ɗora wa kaina. Sai dai ba ta kalle ni ba da take faɗa.

Kafin damina ta faɗi aka yi mata canjin wurin aiki. Ta tafi da takardun da na cike, ta ce wani daga ofis zai zo ya riƙa karɓar sababbi.

Bayan sati biyu kuwa wani mutum ya tsaya da babur a ƙofar gidana, fes da shi, da jaka a rataye. Ya gaishe ni da ladabi. "Baba, an ce kai ne mai lura da ungulu. A ina suke kwana?"

Na ce, "Daga ofishin Madam kake?"

"Eh to, kusan haka."

Takardun sati biyun na nan a ɗaki, taku biyar ne tsakanina da su. Na dubi jakarsa, ban iya gane ko ta takardu ce ko ta wani abu daban ba. Na ce masa wallahi ban san inda suke kwana ba, kuma gaskiya na faɗa. Ya yi godiya, ya ce zai dawo, ya tada babur. Bai dawo ba, wani ma bai zo ba.