Kujerar Mai Ƙwai

Sannu-Sannu ake ce masa a gareji, don aikin da wani mai wayarin zai gama kafin azahar, shi sai ya kwana biyu a kansa. Shekara talatin yana gyaran wutar mota a rumfa ɗaya, har bayansa ya ranƙwafa saboda leƙen ƙarƙashin sitiyari. Masu gaggawa kan guje shi. Amma motar da ta fita daga hannunsa ba ta taɓa dawowa da warin ƙonewar waya ba.

Wata safiya wata mata ta shigo da a-kori-kura, motar tana tafe tana tsalle kamar akuya. Da ta sauko sai ya ga gajera ce, ga filo biyu a kan kujerar da take tokare bayanta da su. Mijinta, wani dogon mutum mai rarraba ƙwai a shaguna, ɓarin jikinsa ya shanye, sana'ar ta dawo wuyanta. Ga kujerar ta cije a inda ya bar ta.

"Baba, da babban yatsa nake taka birki," in ji ta. "Jiya kiret uku na fasa."

"Kin taki sa'a ƙwai ne suka fashe, 'yata."

Ya zaga wurin masu tsofaffin kaya, ya samo kujera mai lantarki daga wata motar da ta yi hatsari. Ɗaura ta bai ba shi wuya ba, wayar ce aikin. Ya cire kan batir, ya jawo waya daga akwatin fis, ya ba ta fis nata na kanta. Ya ɗaga kafet, ya bi da ita ta gefen ƙofa inda takalmi ba ya takawa. Duk inda za ta gogi bakin ƙarfe ya sa mata rigar roba. A ƙarƙashin kujera ya bar mata rara kamar taƙi ɗaya, ya ɗaure nesa da ƙarfen da kujerar ke gudu a kai. Ya mayar da kan batir, ya kai kujerar gaba, ya mai da ita baya, sau ashirin, kuncinsa a ƙasa yana kallon wayar.

"Baba, wa zai ga wannan ƙawar a ƙarƙashin kafet?"

"Wuta tana gani," ya ce, bai ko ɗago ba.

Washegari ta hau, ta danna maɓalli, kujera ta taho da ita a hankali har tafin ƙafarta ya zauna daram a kan birki. Ta yi dariya, sai kuma ta share ido da bakin mayafi.

Bayan wata guda ta dawo da maigidan a gefenta. Magana ba ta fita masa sosai. Ya miƙo hannunsa mai lafiya ta taga, ya riƙe na Sannu-Sannu ya daɗe bai saki ba. Tsohon ya rasa inda zai sa kansa, sai ya hau yi wa matar faɗa wai fitilarta ta hagu ta mutu, ta buɗe masa gaban mota.