Zaren da Aka Bari Rabi

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku, ba zan daɗe da su ba.

Ƙanshin sabuwar auduga ne ya tayar da wannan zance. Jikata ce ta shigo da ita cikin leda, fuska a murtuke. A gidan tarihi take aiki, an ba ta wani lungu ta shirya wa baƙi abin da za su taɓa da hannunsu. Ta jera mazarai, ta kafa allo mai bayanin yadda ake kaɗi. Mutane su karanta, su ɗauki hoto, su wuce. Shugabanta ya ce in wata ya ƙare babu mai zama, za a kwashe kayan a jibge kujeru a wurin.

Na ce, "Ke 'yar boko, wa ya ce miki da ido ake kaɗi?"

Ta ce, "To tsohuwa, ke da ba ki san ko bihim ba, da me aka koya miki?"

Sai na tuna gidanmu na Ƙofar Ran, lokacin cirar auduga. Tawa kakar ba ta taɓa cewa in zo in koya ba. Takan zauna gindin durumi, ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari yana kuka cikin taskira. Da ta ga ina leƙe, sai ta miƙe wai za ta duba tukunya, ta bar zare rabi yana lilo. Wa zai ga haka hannunsa ya zauna? In ɗauka, ya tsinke. In ƙulla, ya sake tsinkewa. Ta dawo ta ga ƙulle-ƙullena, sai ta ɗora nata a kai. Sai da na girma na gane murhun nan ko wuta babu.

Washegari muka hau keke mai ƙafa uku zuwa gidan tarihin. Na sa aka sauke allon, na fara kaɗi a kowane mazari, na bar shi rabi, muka koma gefe.

Wata mata ta tsaya, ta waiga, ta ɗauka. Zaren ya tsinke. Jikata ta zabura za ta je ta gyara mata, na riƙe mayafinta. Matar ta yi dariya, ta ƙulla, ta zauna. Mijinta ya gaji da jira, shi ma ya tuɓe takalmi.

Kakata ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Durumin an sare, an yi shago. Shugaban nan ya nema wa kujerunsa wani ɗaki. Jikata na can, ta iya kaɗi, ta kuma iya tashi duba tukunyar da babu. Ni kuwa idona ya yi rauni, amma duk mako tana kawo mini zaren baƙi. Nakan bi shi da yatsa, in ji kowane ƙulli.